Ƙirgar kawuna a filin ƙwallon makarantarmu

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Mutum 46. Sau biyu na ƙirga, kafin a take wasa da kuma bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, kuma a cikinsu har da mai rake, da masu gadi biyu, da yara uku 'ya'yan ma'aikata da suka zo tsintar ƙwallo. Ƙungiyar jami'armu ce ta karɓi baƙuncin ta wata kwalejin ilimi a wasan sada zumunta. Mun ci biyu da nema. Da aka zura ta biyun, yaron da ya ci ya sheƙa da gudu wajen dakalin 'yan kallo yana buɗe hannuwa, ya tarar ba kowa a ɓangaren sai wata akuya, ya juyo yana dariyar yaƙe.

Koci ne ya jawo ni cikin wannan aiki. Shi ya horar da ni lokacin da nake tsare wa makarantar raga, shekara goma sha da suka wuce. Ya ga ina ta cika baki a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai cewa a zamaninmu sai an hau bishiya ake ganin fili, ya buga mini waya ya ce, "Kai gola, bar surutu daga nesa, zo ka gani da idonka." Na zo na gani. Mun haɗa ɗan kwamiti na mutum biyar: ni, da Koci, da ɗalibai biyu daga ƙungiyar ɗalibai, da wata malama daga sashen motsa jiki da lafiya. Abin da muka ɗaukar wa kanmu shi ne kafin ƙarshen zangon karatu mu cika dakalin simintin nan mai hawa shida. Ni aka ba ƙirga da rubutu.

Laraba, 17 ga Janairu

Kwana uku ina yawon tambaya a ɗakunan kwanan ɗalibai, da teburin mai shayi, da bakin ɗakin karatu. Rabin waɗanda na tambaya ba su ma san an yi wasa ba. Sanarwar takarda ɗaya ce aka liƙa a ƙofar ofishin wasanni, inda ba mai zuwa sai 'yan wasan.

Sauran amsoshin sun fi nauyi. Muna sa wasa ƙarfe huɗu na yammacin Asabar don a idar da La'asar, kuma a wannan watanni ƙarfe huɗunmu ita ce ƙarfe ukun Ingila, lokacin da ake take wasannin Firimiya. Shekara da shekaru muna karo da Arsenal da Manchester United a awa ɗaya, ba wanda ya taɓa zama ya lura. Masu zama a cikin gari sun ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun bara, lita ta haura naira 600, ba mai biyan ɗan sahu zuwa da dawowa don kallon ƙwallon makaranta. Wasu kuma laccar Asabar ce ta riƙe su. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya bar ramin da har yau ake cikewa, an matse zango kamar kayan gwanjo a buhu.

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ta wani ɗan aji biyu ce a teburin mai shayi. Ya gama saurarona tsaf, ya ce, "Yaya, ni wa na sani a cikinsu?" Yaron nan zai lissafa maka 'yan bencin Chelsea ba gargada. Ɗan wasan tsakiyarmu kuwa ɗakinsu ɗaya da abokinsa, bai san yana buga wa makaranta ba.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na kai maganar guruf ɗin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Saƙo ya fi ɗari biyu kafin Isha'i, kowa da labarin cin da ya gani da idonsa a shekarar kaza. Da na tambayi wanda zai zo ranar Asabar, sai guruf ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

Wani ɗan ajinmu da yake koyarwa a Amurka ya turo bidiyon filin jami'ar Michigan, wanda yake ɗaukar mutum 107,601, cike maƙil da ɗalibai da tsofaffi masu furfura, duk da riga kala ɗaya. Ƙwallon nan tasu ce mai kama da zari-ruga, kuma Michigan ɗin ce ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasar a farkon wannan watan. Mutane suka fara "ai mu ba za mu taɓa ci gaba ba". Shi da ya turo ne ya taka musu burki. Ya ce can ma kukan da ake yi ke nan. A jami'ar Alabama, Nick Saban, kocin da ya yi ritaya kwanakin nan bayan ya ci musu kofin ƙasa shida, ya sha fitowa yana faɗa cewa ɗalibai suna tashi tun wasa bai ƙare ba, har a 2019 makarantar ta fito da manhajar waya mai ba da maki ga ɗalibin da ya zauna zuwa zangon ƙarshe na wasa. Wato mai cin kofi ma sai ya yi lallashi. Ya ƙara da cewa abin da yake dawo da tsofaffin ɗalibansu shi ne tun wata da watanni sun san ranar, su zo da iyali, su kafa rumfa a wajen fili su yi gashi, su ga abokan da suka rabu da su. Ƙwallon kusan hujja ce kawai ta haɗuwa.

Wannan na rubuta na ja masa layi. Gudummawa kuwa, mutum huɗu suka turo.

Asabar, 27 ga Janairu

Mun buga fasta, mun zagaya da lasifika a bayan babur, mun raba fiya wata kyauta. Mutum 83. Aka sha ruwan, aka tsaya minti ashirin, kusan rabi suka zame, wai za su je kama wuri a gidan kallo saboda wasan Najeriya da Kamaru na gasar cin kofin nahiyar Afirka, wanda sai tara na dare za a fara. Lookman ya ci biyu, don haka ban yi fushi sosai ba.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Jiya na ga filin nan yadda na san shi.

Shawarar Malama ce. Ta ce tunda Super Eagles suna kwashe mana mutane, mu kawo Super Eagles ɗin filinmu. Muka aro na'urar haska majigi daga wata tsangaya, muka ɗaura farin yadi a jikin raga, muka yi hayar janareto. Samun izini ya ci mana kwana huɗu da takarda uku, sai da Koci ya shiga wurin Darakta da kansa yana "ranka ya daɗe, a taimaka". An take wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu ƙarfe shida, gari bai yi duhu ba, hoton dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazo, amma ba wanda ya tashi. A hutun rabin lokaci aka yi sahun Magariba a kan ciyawa, sahu har uku. Na daina ƙirga da na wuce ɗari shida. Da aka je bugun fenariti golan Najeriya Nwabali ya tare biyu, ni da na san zafin wannan tsayuwa na rasa inda hulata ta faɗa.

Kafin a watse na karɓi makirfo na kira 'yan ƙungiyar makaranta ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsangayarsa da ajinsa da garinsu. Duk wanda aka kira sai wani lungu na taron ya ɗauki ihu. Kyaftin, ɗan aji huɗu a aikin gona, ya gaya mini daga baya cewa ranar ce 'yan ajinsa suka fara sanin abin da yake kai shi fili kullum da asuba.

Ashe ɗalibai sun san hanyar filin, kuma ba ƙwallo suka ƙi ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe. Mun sake haskawa, an cika, an watse ba mai yi wa wani magana. An tafi da kujerun roba bakwai na haya, ni zan biya.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Mun bar Asabar, mun koma yammacin Laraba. A zamaninmu ba a sa lacca bayan Azahar ɗin Laraba, lokacin wasanni ne, kuma har yanzu haka yake a rubuce a jadawalin makaranta, sai dai malamai sun daɗe da cinye shi. Mun rubuta wa shugabannin tsangayoyi. Biyu sun amsa.

Mun kuma farfaɗo da gasar tsangaya da tsangaya, kuma a nan muka sami saɓani da Koci. Shi yana ganin raini ne. Ya ce, "Ni na tara zaɓaɓɓun yara ina horarwa, kai kana so a zo a kalli masu tumbi suna harbin iska?" Na ce masa, Koci, masu tumbin nan kowannensu yana da 'yan aji ɗari da za su zo ko don su yi masa dariya. Yau injiniyoyi suka kara da 'yan shari'a. Ƙwallon ba ta da kyau ko kaɗan, sai faɗuwa da ƙura, amma mutum 310 na ƙirga, da ganguna biyu da kuge da ban san daga inda suka fito ba. 'Yan shari'a suka zo da baƙaƙen rigunansu suna barazanar maka lafari a kotu.

Muka yi kuskure ɗaya. Mun sa wasan tsangaya a farko, na ƙungiyar makaranta a baya. Ana hura tashi a na farko, taron ya kwashe kamar an kaɗa kaji, zaɓaɓɓun Koci suka shigo suka tarar da ledojin ruwa. Bai ce mini komai ba, ya dai kalle ni. Na fi son faɗansa.

Asabar, 2 ga Maris

Zaman kwamiti. Mun juya tsarin: na makaranta farko, na tsangaya daga baya, don masu zuwa kama wuri su tarar ana yi. Koci ya yarda ya saki yaransa su buga wa tsangayoyinsu, da sharaɗin kowa ya sa abin kare ƙwauri.

Malama ta ɗauki littafin nan ta duba ta ce, "Malam, kana ƙirga kawuna, ka taɓa ƙirga mayafai?" Ban taɓa ba. A cikin 310 ɗin nan, in aka ce mata sun kai goma sha biyar an yi yawa, alhali a wasu azuzuwan su ne fiye da rabi. Ta lissafa mini abin da idona bai taɓa gani ba saboda ni a cikin raga na yi zamana. Dakali ɗaya ne, sai mace ta kutsa ta tsakiyar maza ana yi mata fito. Ba inuwa. Banɗakin filin ya fi shekara a kulle, ba famfon alwala, kuma wasa yana kaiwa gab da Magariba, hanyar komawa ɗakunan mata ba fitila. Ta ƙara da cewa 'yan matan makarantar suna da ƙungiyar ƙwallon hannu da ta raga, ko mu 'yan kwamiti ba wanda ya taɓa zuwa kallonsu. Wannan ta dake ni. Kuɗin da ya rage mun zuba shi a rumfar kanofi guda da kujeru hamsin a gefen gabas, da gyaran famfo.

Lahadi, 10 ga Maris

Gobe azumi, za a dakata da wasa. Kafin nan ga abin da ya faru ranar Laraba, don kada na manta. Mutum 270, mata 58 a ƙarƙashin rumfa.

Wani Alhaji da ya gama makarantar tun ba a haifi yawancin ɗaliban yanzu ba ya ga sanarwarmu a Facebook, ya tuƙo mota ya zo da jikokinsa biyu. Masu gadi suka tsare shi a ƙofa suka ce ya nuna katin shaida. Ya ce shi tsohon ɗalibi ne, ya zo kallon ƙwallo. Suka ce ba su san wannan ba. Ya juya. Ni na kira shi da daddare ina ba shi haƙuri, ya ce, "Ɗana, ba komai. Ai makarantar nan ba ta taɓa nemanmu ba sai da ƙoƙon bara." Ya ce rabonsa da shigowa tun da ya zo nema wa kansa takardar sakamako aka yi ta yawo da shi daga ofis zuwa ofis har sati biyu.

Masu gadin ba su da laifi, umarni aka ba su, kuma da halin tsaron da ake ciki ba wanda zai ce a bar ƙofa a buɗe. Mu ne ba mu kai musu suna ba. Amma maganar ƙoƙon bara gaskiya ce, kuma ni ma abin da na fara yi a guruf ke nan, na tura lambar asusu.

Lahadi, 24 ga Maris

Ba wasa, sai takardu bayan an sha ruwa. Ɗaliban kwamiti suna so makaranta ta shiga HiFL, gasar lig ta manyan makarantu da aka fara a 2018, wadda jami'ar aikin gona ta Makurɗi ta fara ɗauka. Na ce musu ina so, amma mu fara da abin da za mu iya sa wa rana. NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, tun 1966 ake yin ta, an fara a Ibadan, an kuma yi ta a Legas a 2022, amma gasa ce ta 'yan kwanaki a gari guda, ɗalibin da bai samu shiga motar tawaga ba ba zai ga komai ba. Ɗalibi zai iya shiga aji ɗaya ya fita aji huɗu bai taɓa ganin makarantarsa ta buga wasan da yake da maki a filinta ba. Wasan sada zumunta kuwa ko an ci ko ba a ci ba, gobe an manta. A Kano mutane suna cika filin Sani Abacha don Pillars saboda akwai tebur, akwai hawa da sauka, akwai Katsina United da za a yi wa gori. Koci zai tuntuɓi makarantu uku na kusa ko za a yi 'yar lig ta gida da waje.

Ɗaya daga cikin yaran ya tambaye ni ko filin makaranta ya taɓa fitar da wani. Na ba shi labarin Zariya, inda wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a ABU, kuma a hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ya jagoranci Toronto Raptors suka ɗauki kofin NBA a 2019.

Litinin, 22 ga Afrilu

Jiya na je gidan kallon da ke bayan makaranta don El Clasico, wato karawar Real Madrid da Barcelona, da niyyar leƙen asirin abokin gaba. Rumfar kwano ce, zafi kamar tanda, benci ba majingina, kuma biya ake a shiga. Madrid ta ci 3 da 2, Bellingham ya zura ta ƙarshe ana dab da tashi, benci biyu suka karye. Abin da na ɗauko bai da alaƙa da wasan. A bakin ƙofa akwai baƙin allo, an rubuta wasannin sati gaba ɗaya da alli, da rana da lokaci, kuma ba a taɓa ɗagawa. Mu kuwa cikin wata uku sau huɗu muna ɗage wasa, sau ɗaya ma da safiyar ranar, saboda an ba wa wani taro filin.

Mai gidan ya gane ni. Na zata zai ɗauke ni kishiya, sai ya ce, "Oga, Laraba da yamma ai ba ni da kasuwa, kawo naku na rubuta." Yanzu jadawalinmu yana ƙasan na La Liga. Mun kuma kafa allo biyu, ɗaya a bakin masallaci, ɗaya a wajen masu abinci.

A wurin na tsinci wani ɗan sashen Hausa yana yi wa abokansa sharhin wasa irin na rediyo, yana yi wa kowane ɗan wasa kirari. Na kama hannunsa na ce ranar Laraba makirfo nasa ne.

Asabar, 4 ga Mayu

Ranar tsofaffi. Wannan karon ba mu nemi kwabon kowa ba. Mun sa ranar tun kafin Sallah, mun kira mutane ɗaya-ɗaya a waya, mun kai wa masu gadi jerin sunaye, ɗalibai biyu suka tsaya a ƙofa suna tarba. Mun yarda da Asabar saboda ma'aikata, muka sa ƙarfe biyar saboda zafi. Tsofaffin da suka gama kafin 2010 suka kara da waɗanda suka gama bayanta, minti goma sha biyar-biyar, canji ba iyaka. Na tsaya a raga, an ci ni uku, ɗaya ta tsakanin ƙafafuna, kuma mai sharhi bai rufa mini asiri ba. Gwiwata ta hagu tana nan a kumbure.

Tsofaffin ɗalibai 74 suka sa hannu a rajista, ban da mata da 'ya'ya. Duka-duka na ƙirga 520, karo na farko da dakali ya cika don ƙwallon da ake bugawa a kan ciyawarmu. Alhajin da aka mayar daga ƙofa ya dawo, shi ya take ƙwallon farko. Kafin wasan ƙungiyar makaranta mun haɗa kowane ɗan wasa da wani tsoho na tsangayarsa, suka gaisa, aka yi hoto. Wata Hajiya da ta karanta harhaɗa magunguna ta zauna har aka tashi tana ta kiran "ɗana, ɗana" ga mai lamba bakwai, daga baya ta tambayi lambar takalminsa. Ba wanda ya roƙe ta. Hadari ya haɗo ana saura minti goma, iska ta ɗauke kanofin Malama ta kifa shi a bayan raga.

Laraba, 8 ga Mayu

Mutum 95. An shiga satin tes, kuma tsangayoyin da aka fitar daga gasa sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya, har da masu gangar. Tsohon ɗalibi ko ɗaya ban gani ba sai ni. Mai sharhi ma yana da tes ƙarfe huɗu, muka yi wasa shiru.

Koci ya ce makarantu biyu cikin ukun sun amsa maganar lig, ta ukun tana jiran sa hannun shugabanta, kuma duka suna tambayar wanda zai zuba man mota. Malama tana so a sa wasan ƙwallon hannu na mata kafin wasan ƙarshe na tsangayoyi, a fili ɗaya, na ce ni zan kai takardar. Ƙafar kanofi biyu sun lanƙwashe, mai walda ya ce a kawo gobe da safe. Har yanzu banɗaki a kulle yake, an ce makullin yana hannun wani da ya yi ritaya, Juma'a bayan masallaci za mu je gidansa ni da Kyaftin.